Jakuna Huɗu da Ƙuri'a Hamsin

Shafi na 14

Masu cewa na yar da Dogo a hanya kwana biyu rana na dukansa, na ji ƙorafinku, ga shi nan ya iso. Wanda yau ya fara shigo mana kuma, matso kusa, ba ka makara ba.

*

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da Dogo ya iso bakin gonar Malam Mati. Yana ɗaga ido ya tsaya cak.

Dawar ce. Ita ce dai, babu ko tantama.

An kwantar da kara, an yanke kawuna, ga dammuna nan jere a inuwar ɗorawa. Farar ƙwaya cikin baƙar riga, wuyan zangarniya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Irin wadda ke cikin rumbunsa ke nan. Irin wadda jakuna huɗu suka kawo Gidan Baushe shekara uku da suka wuce, bayan gobara ta lashe rumbunan ƙauyen har da irin shuka. Mai jakunan ya sauke kaya, ya ce wani bawan Allah ne ya aiko, ya juya ko ruwa bai sha ba.

Shekara uku suna gode wa Alhaji Maitama, mai sayen auduga ya kai Funtuwa. Shi ne babban mutum na farko da ya leƙo su bayan zuwan jakunan. Dogo ya durƙusa ya yi ta zuba godiya, Alhaji ya shafa gemu ya ce, "Haba, ai yi wa kai ne." Shi ke nan magana ta zauna.

To bana Alhaji ya fito neman kujerar wakili a majalisar gunduma. Dogo kuwa shi ne Sarkin Noma, bakinsa bakin gari. Ya tashi gaban jama'a ya yi alkawari: maza hamsin masu ƙuri'a a Gidan Baushe, da masu zuwa coci da masu bin na kakanni, duk akwatin Alhaji za su jefa. Har hula Alhaji ya ɗora masa, ga ta nan a kansa. Zaɓe kuma jibi.

Tsohonsa Labo ne kaɗai bai tafa ba ranar.

"Kafin ka ba da kan mutum hamsin, tafi ka ga gonarshi," in ji tsohon. "Wanda ya ba da irin nan, yana da shi a gona."

Dogo ya tafi yana ƙunƙuni. Jiya ya wuni yana zaga gonakin Alhaji. Auduga iya ganinka, sai jar dawa kaura a gefe. Masu aikin gonar suka juya zangarniyar da ya zo da ita, suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Wani dattijo cikinsu ne ya ce, "Wannan ai sai gonar Mati tela, can bayan Kafur."

Mati tela. Abokin takarar Alhaji. Mutumin da ya zo Gidan Baushe bisa keke wata guda da ya wuce don ya yi musu magana, Dogo ya naɗe tabarma a gabansa ya ce su sun riga sun yi nasu mutumin.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da Dogo ya shige da hularsa duka.

"Sannu da aiki," ya ce, muryar kamar ba tasa ba.

Wani siririn mutum da ke ɗaure dami ya ɗago, wando a naɗe har gwiwa. Ya kare rana da hannu ya duba.

"A'a! Sarkin Noman Gidan Baushe da kanshi? Marhabin. Sai dai ka yi haƙuri, nan gona ce, babu tabarmar da zan naɗe maka."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Malam, ban zo wasa ba."

"Na ga alama. Lafiya?"

Dogo ya sa hannu a jaka ya fito da zangarniyar ya miƙa.

"Wannan daga rumbuna take. Waccan kuma daga gonarka. Ina ka samo irin nan?"

Murmushin Mati ya ɗauke.

"Dawa ai dawa ce, Sarkin Noma."

"Kada ka faɗa wa manomi haka. Na san gonaki daga Malumfashi har bakin Bakori, gona biyu ke da ita, taka da tamu. Kai ka aiko da jakunan nan?"

"Ni ba ni da jaki ko ɗaya. Keke gare ni."

"Malam!"

"An ɗaure mani baki, Dogo. Ka bar maganar nan. Ka koma ka cika alkawarin da ka yi, ba ni jin haushinka."

Sai wata murya ta taso daga gindin ɗorawa, ta tsufa amma ba ta rawa.

"Mati, wane ne wannan ke magana da muryar Labo?"

Dogo ya waiga. Sai yanzu ya lura da ita. Tsohuwa ce zaune bisa buhu, faifai a cinya, tana ware manyan zangarnu na iri gefe guda. Ta ajiye faifan tana kallonsa ba ta ko ƙiftawa.

"Inna, baƙo ne, yanzu zai wuce," in ji Mati da sauri.

"Rufe mani baki. Kai, matso nan."

Dogo ya matsa ya durƙusa.

"Ina kwana, Inna."

Goshinsa take kallo, da kunnuwansa, da dogayen yatsun nan nasa.

"Ɗan wa kake?"

"Ɗan Labo, na Gidan Baushe."

"Yana da rai?"

"Yana nan. Idanu ne dai suka yi rauni, sai ya shafa abu yake gane shi."

"Itacen baushen bakin gari fa? Bai faɗi ba?"

"Yana tsaye. Inna, kin san garinmu ne?"

Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Wai na san garinku. A bayan ɗakin kakarka aka binne cibiyata."

Dogo ya ƙura mata ido.

Tun yana yaro ya san akwai wata a gidansu da ba a faɗin sunanta. In tsofaffin mata suna hira suka zo kanta, sai su ce "waccan", su yi shiru. Ya taɓa tambayar tsohonsa sau ɗaya, tsohon ya tashi ya bar masa tuwon.

"Ke ce..."

"Nan Sakinatu suke ce mani. Can kuwa Atu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Labo, shi ke gaba ni ke bi mashi."

Mati ya jefar da igiyar da ke hannunsa.

"Inna, shekara uku kina hana ni magana, yau ke da kanki?"

"Ai ba ni na je ba, shi ya zo. Da ƙafarshi ya biyo dawa har ta kawo shi. Zauna, ɗan Labo, tsugunon ya isa."

Dogo ya zauna a ƙasa daɓas.

"Shekara arba'in da biyar ke nan," in ji ta. "Uban wannan, Malam Yusufu, yana zuwa garinmu sayen rama. Na gan shi na ce shi nake so, ba wanda ya tilasta ni. Na ce zan yi salla in bi shi. Babanmu ya tara gida kaf a gindin baushe ya sa aka rantse. Ba mai ƙara kiran sunana. Ba abin da zai fito daga hannuna ya shiga gidan."

"Har da babana?"

"Shi aka fara rantsarwa, ai shi ne babba."

Ta ɗauki zangarniya ɗaya daga faifan tana shafawa.

"Da safe na ɗauki ƙwaryata na kama hanya ni kaɗai. Ina isa rafi na ji tafiya a bayana. Labo ne. Bai ce mani uffan ba, ai ya rantse. Ya buɗe ƙwaryar ya sa zangarniya uku na dawar kakanmu, ya rufe, ya juya. Rabona da shi ke nan."

Dogo ya dafe kai.

"Dawar kakanni! Ita ce suke cewa ta ɓace a shekarun da fara ta ci gonaki?"

"Ku ta ɓace wa. Yunwa ta sa kuka cinye iri. Ni nan kowace shekara sai na shuka, ko kunya biyar ce. Malam Yusufu har tsiya yake mani, wai na auri dawa na bar shi."

"To da gobara ta ci mu..."

"A kasuwar Kafur na ji. Na dawo ban iya cin abinci ba. Na ce Mati ya buɗe rumbuna, ya buɗe nashi."

"Damunar nan rogo da tafasa muka ci har muka gaji da ganin juna," in ji Mati. "Matata har yau ba ta yafe wa rogo ba."

"Me ya sa ba ku faɗa ba?" Muryar Dogo ta fashe. "Me ya sa kuka bari muna ta durƙusa wa wani?"

"Da an ce daga hannun Atu ta fito, za ku shuka?"

Dogo ya san amsar. Da tsofaffi sun sa an mayar da jakunan da kayansu, da damunar nan ta wuce su gona ba shuka, da yanzu rabin Gidan Baushe na Funtuwa suna dako.

Sai ya tuna ranar da dawar ta fara fitar da kai. Tsohonsa ya sa aka ja shi har gona, ya shafa zangarniya ɗaya tun daga wuya har ƙarshe, ya zauna a kunya ya yi ta kuka. Suka ce tsufa ne. Ashe tsohon ya gane. Shekara uku yana cin tuwon ƙanwarsa, rantsuwa ta hana shi ya ce ga mai shi. Da ya ga za a kai godiyar inda ba nan ba, har a haɗa da ƙuri'a hamsin, sai ya turo ɗansa ya gano da idonsa.

Kunya da godiya suka taru suka lulluɓe Dogo. Ƙato guda, mai noma kunya ɗari kafin azahar, sai ga shi yana share ido da bakin riga. Ya gyara ya durƙusa sosai, ya kama ƙafar tsohuwar da hannu biyu.

"Gwaggo."

"Na'am." Ta amsa da sauri kamar mai tsoron kada ya janye.

"Gwaggo, mun gode. 'Ya'yana huɗu, da dawarki suka rayu. Matar Enoch mai wa'azi ta haihu a damunar nan, kunun dawarki ta sha. Duk wanda ke numfashi a Gidan Baushe ya gode. Ni ban san da wane baki zan..."

"Ya isa. Abinku ne na mayar maku."

"Bai isa ba, aradu bai isa ba!"

Ya juya wajen Mati, ido jajir.

"Malam, ka yafe mani tabarmar nan. Ƙuri'a hamsin taka ce. Yau ɗin nan zan tara su in faɗa masu."

Mati ya harɗe hannu ya dube shi sama da ƙasa.

"Inna, ashe haka 'yan'uwan naki suke? Jiya ya ba Alhaji gari guda don dawa, yau ya ba ni don dawa. Gobe in wani ya kawo gero fa?"

"Kai, Mati!"

"Bar ni da shi, Inna, ɗan kawuna ne, abokin wasana. Shekara arba'in ban samu na tsokana ba."



"Ka ji nan," in ji Mati, ya zauna kusa da shi bisa dami. Wasan ya bar muryarsa. "Dawar nan ba tawa ba ce, ta Inna ce. Ko da tawa ce, majalisa ba rabon iri ake yi ba. Can ake yanke inda za a yi hanya, inda za a haƙa rijiya, inda za a kafa kasuwar auduga. Mai kyauta daban, mai iya tsaya maka daban. Ka zo tun daga Gidan Baushe don ka duba gonata. To ga mai gonar, duba shi."

Dogo ya ja hanci, ya gyara zama. In dai tambaya ce, ai yana da su cike da ciki.

"Gada. Rafinmu in ya kawo, sai mu yi kwana goma ba mai fita. Bara mace ta mutu kan naƙuda ba a iya ƙetarawa da ita ba. Alhaji ya ce kafin shekara ta zagayo zai yi mana gada."

"Ni ba ni da gada a aljihu."

"Au!"

"Gaskiya ke nan. Mun fi ashirin a majalisa, bakina ɗaya ne. Abin da zan iya, duk zama sai na ta da maganar har su gaji da ni. Duk ƙarshen wata kuma in hawo keke in zo in faɗa maku abin da aka ce. Enoch ɗinku ya iya boko, in ba shi takardar zaman ya karanta da kanshi. In na yi ƙarya ya kama ni gaban kowa."

"In ka daina zuwa fa?"

"Ka san gonata yanzu. Ka san uwata. Ina zan ɓuya?"

Dogo ya gyaɗa kai, ya kawo ta biyu.

"Baushenmu. Inda muke yanka, da ɗakin da su Enoch ke addu'a. Ana ta raɗe-raɗin wasu na so a kawar."

Mati bai kau da ido ba.

"Ni Musulmi ne, Dogo, ba zan ɓoye maka ba, da za ku yi salla da na fi kowa murna. Amma ba a kiran mutum da gatari. Duk wanda ya kawo maganar sare itacen nan ko rushe ɗakin nan, zan tashi in ce ban yarda ba, ko ni kaɗai ne. Ban ce maka dole in yi nasara ba. Na ce zan tashi."

"Alhaji da na tambaye shi, dariya ya yi ya ba ni goro."

"Goron da daɗi?"

"Ƙwari sun ci shi."

Inna Sakinatu ta tuntsire da dariya har faifan ya zame.

"Ai kafin in ƙaraso na tsaya bakin rijiyarku," in ji Dogo. "Na tambayi mutane kai wane iri ne."

"Me suka ce?"

"Sun ce taurin kai gare ka. Sun ce in aka ba ka ɗinkin ƙaramar salla, sai babba."

"Maƙiya ne."

"Sun ce kuma shekara tara kana koya wa manya karatun yaƙi da jahilci, ranar da aka yi maka rasuwa kaɗai ka yi fashi. Na kuma duba hanyar da ta ratsa tsakaninka da maƙwabcinka, jaki da kaya na wucewa. Ta gonar Alhaji an nome ta, mutanen ƙauye uku sai sun zagaya."

"To ka ga wannan ka iya auna ni da shi. Ba dawa ba."

Dogo ya miƙe ya kakkaɓe wando.

"Ba zan ƙara yin alkawari da kan mutane ba, Malam. Abin da na gani zan faɗa masu, naka da nashi, mai daɗi da marar daɗi. Jibi kowa ya shiga bayan zana shi kaɗai ya jefa inda ranshi ya kwanta."

"Yanzu ka yi magana. Kai fa, ina za ka jefa?"

"Ba ruwanka. Ɗan mace bai tambayar ɗan namiji."

Suna cikin dariya suka ga tsohuwa ta miƙe tana ɗaura gyale.

"Mati, aro mani jakin maƙwabcinmu Ɗanasabe."

"Ina za ki, Inna?"

"Gida."

Mati ya tashi tsaye.

"Inna, ba yau ba. Saura kwana biyu zaɓe. Cewa za a yi na turo uwata ta yi mani kuka a ba ni ƙuri'a."

"Ƙuri'arku ta dame ku. Mu mata an ba mu ita ne balle in saya maka? Yaron nan ya ce idon Labo ya tafi. Zama zan yi sai sauran jikin ya bi?"

"Rantsuwar fa?"

"Su suka rantse. Ni ban rantse ba."

Mati ya dubi Dogo, Dogo ya dubi sama. Wa ya isa?

"To ni ba ni zuwa," in ji Mati. "Kada a gan ni kusa da wurin."

"Da ma wa ya gayyace ka?"

*

La'asar sakaliya suka ƙetare rafi, ruwan iya idon sawu. Inna Sakinatu ta sa aka tsayar da jaki a tsakiya, ta daɗe tana kallon gaɓar can.

Tun daga nan suke jin kalangu.

Motar Alhaji Maitama ce tsaye a bakin gari, an sauke buhunan gishiri da huhun goro. Gidan Baushe kaf an fito gindin baushe. Ga Alhaji bisa kujera cikin farar shadda, ga tsoho Labo can gefe bisa buzu, sanda a tsakanin gwiwoyi.

"Gwaggo, tsaya nan bayan rumbu tukuna."

"Yi abin da ya kawo ka."

Maroƙi na hango shi ya ɗaga murya.

"Ga Sarkin Noma! Ga na hannun daman Alhaji! Mai magana ɗaya!"

Wannan kirarin ya soki Dogo har ƙashi. Mai magana ɗaya. Bai taɓa faɗa ya janye ba tun da ya yi wayo, shi ya sa ma ake jin maganarsa. Yau zai tashe ta da bakinsa a gaban yaran da ke koyi da shi.

"Dogo, ina ka shige kwana biyu?" in ji Alhaji yana murmushi. "Zo ka maimaita masu abin da ka faɗa, mu tafi da ƙarfinmu."

Dogo ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata. Sa'an nan ya buɗe jaka, ya fito da zangarniya biyu ya ajiye a gaban kujerar. Ɗaya ja, wadda ya tsinto a gonar Alhaji jiya. Ɗaya fara mai lanƙwasasshen wuya.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Cikin biyun nan, wacce ka aiko mana shekarar gobara?"

Kalangu ya tsaya.

Alhaji ya dubi zangarnun, ya dubi yaransa. Mutumin da ke gane auduga mai daraja ta ɗaya daga nesa, yau ga dawa biyu sun gagare shi. Ya yi 'yar dariya, ya nuna jar da bakin takalmi.

"Wannan mana. Kaura, irin gonata."

Yaran da aka goya ma sun san wacce ke cikin rumbun uwarsu.

Enoch ya cire tabarau ya mayar. Wata mata ta ce "Kayya!" a hankali.

Alhaji ya ga fuskoki, ya gane ya taka ba daidai ba.

"To wai ma, ni na taɓa cewa ni na aiko?"

"Ba ka ce ba, Alhaji. Amma sau uku ina durƙusa maka, ba ka taɓa cewa ba kai ba ne."

Dogo ya miƙe. Ya sa hannu biyu ya cire hular, ya ninke ta, ya ajiye kusa da jar dawar. Ya juya ya fuskanci mutanensa, kai ba hula.

"Jama'a, na yi maku kuskure. Na yi alkawari da kanku ban bincika ba. Na janye shi. Wanda zai zage ni ya zage ni, na cancanta. Na je gonar Alhaji, na je gonar Mati tela, na tambayi maƙwabtansu, na tambaye su su kansu. Duk zan faɗa maku abin da na ji da abin da na gani. Jibi kowa ya bi zuciyarshi."

Wuri ya kaure da surutu. Alhaji ya tashi, shadda na ƙara.

"Mati ne ya saye ka! In ba ni ba ne, wa ya aiko? Faɗi mu ji! Wane ne a ƙasar nan zai kwashe rumbunshi ya ba ku?"

"Ni ce."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji.

Ta fito daga bayan rumbu a hankali, farin gyale a kanta, ƙwarya a hannu. Matasa suka dubi juna, ba su san ta ba. Tsofaffin mata biyu kuwa suka dafe ƙirji, ɗaya ta toshe baki da zane.

Ba ta kalli Alhaji ba. Ta wuce kujerarsa, ta wuce gishirinsa, ta je gaban buzu ta durƙusa. Ta buɗe ƙwaryar. Zangarniya uku ne a ciki.

Ta kama hannun tsohon ta ɗora a kai.

Labo ya shafa ta farko tun daga wuya har ƙarshe. Ya shafa ta biyu. Bai kai ga ta uku ba ya saki dawar ya laluba sama, ya sami fuskarta, ya bi goshin, ya bi tsagen da ke kumatunta, irin nasa sak.

Sanda ta zame ta faɗi.

"Labo!" wani dattijo ya daka tsawa daga baya. "A gindin itacen nan ka rantse! Kama bakinka!"

Mutum ɗari da wani abu, ba mai motsi.

Tsoho Labo ya ɗaga kai ya dubi baushen da idanun da ba su gani. Ya sauke. Leɓunansa suka motsa sau biyu ba sauti, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Atu," ya ce.